Ranar da Na Manna Fiza a Tanderu

Wannan ba tatsuniya ba ce, saboda haka ba sai kun ce ta zo mu ji ta ba. Da hannuna na yi, da idona na gani, kuma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai na ajiye duk abin da nake riƙe da shi. Ni ban yi boko ba. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, na kuwa ce da ita ta rubuta yadda na faɗa.

A Kwandiko aka haife ni, can ƙasar Gwaram, aka kawo ni aure Birnin Kudu. Cikin kayan da na zo da su daga gidanmu, wanda ya fi tasoshi da tabarmi amfani shi ne hannun gurasa. Wurin gwaggona na koya, ita ma wurin tata gwaggon. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa leƙa cikin tanderu ba, to bari in faɗa. Tukunya ce babba ta yumɓu, tsayinta ya kusa ƙugu, an binne gindinta a ƙasa an yaɓe bayanta da laka. Za ki cusa kara a ciki ki kunna, wuta ta ci har bangon ya yi fari. In harshen wuta ya kwanta, saura garwashi a ƙasa, sai ki jiƙa hannu ki ɗebo kwaɓi ki manna a jikin bangon, wannan gefen wannan, har ki zagaye, ki rufe da sauri. Gurasa a tsaye take gasuwa. Haka na tarar.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda ta biyo bayan babban fari, ba a daɗe da barin sulai an koma naira ba. Ana ta cewa ƙasa ta yi arzikin man fetur. Mu dai ba mu gan shi a rumbu ba. Gonarmu tana wajen Yalwan Damai, gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya, ya bushe a tsaye. Shanun nomanmu biyu, ɗaya ya mutu, ɗayan aka sayar kafin ya bi ɗan'uwansa. Baki tara ne a gidan: ni, da Malam maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da yara shida, uku namu, uku na wansa da ya rasu. Gurasar ma ta daina fita. Wanda bai samu na tuwo ba, ina zai sayi gurasa? Ɗan abin da ya rage mini shi ne alkamar da ƙanena ya aiko daga fadamar Gwaram, ina tsakurarta kamar magani.

Ana cikin haka sai ga kamfanin hanya. Turawan Italiya ne, suka kafa yadi a bayan gari, suka kewaye shi da waya, suka jibge katafiloli da gangunan kwalta. Duk namijin da ke da ƙafa biyu ya tafi neman lebura. Malam ya yi kwana uku yana zuwa yana dawowa, wai an cika. Rana ta huɗu na ƙulle masa gurasa biyu a tsumma, don kada ya wuni da yunwa a bakin waya.

Da yamma ya dawo ya tsaya a tsakar gida, bai zauna ba.

"An ɗauke ni aiki."

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Lebura?"

"Kuku."

Na saki muciyar da ke hannuna. Inna ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Kai? Kai da ko ruwan zafi ba ka taɓa ɗorawa ba?"

Sai ya ba mu labari. Yana zaune gindin maina yana cin gurasar, sai ga Baturen da ke kula da injina, wani gajere mai gashi a damtse. Ya wuce, ya dawo, ya miƙo hannu. Malam ya gutsura masa. Ya shinshina, ya tauna, ya rufe ido. Kukunsu ya yi kwana biyu da gudu. Sai ya sa tafinta ya tambaya, wa ya gasa wannan?

"Inna, a gaban ƙarti ɗari zan ce matata ce, su yi ta juya zancenta a baki? Kuma in na ce matata, wa za a ba aikin? Na ce ni ne."

Inna ta dubi yaran da ke zaune sun zagaye akushi guda, ta ce, "Allah ya rufa asiri."

Haka muka zauna wata biyu. Malam ya gaya wa Baturen cewa gurasa ba ta yiwuwa sai a tanderun gidansa, aka yarda, ana ba shi fulawa yana kawowa. In na idar da sallar asuba sai in kunna wuta, in gasa, ya ɗauka a faifai ya tafi kamar shi ya yi. Sauran girkin kuwa a ɗaka na koya masa, ƙofa a rufe don kada maƙwabta su ga namiji da ludayi: yadda ake soya albasa ba ta ƙone ba, yadda ake tsame taliya kafin ta caɓe. Tuwo ya dawo gidanmu safe da dare. Yaran suka fara wasa a tsakar gida kamar da. Amma duk gidan a kan wannan ƙaryar yake zaune, kamar tukunya a kan murhu mai dutse biyu, kowa kuwa ya sani.

Wata Alhamis da hantsi sai ga Malam ya shigo da kwali a ka, lokacin da ba ya dawowa. Ya sauke a ƙofar ɗakin Inna, ya fara fito da kaya. Fulawa. Gwangwanin tumatir biyu. Wani busasshen ganye a takarda mai ƙamshi kamar ɗoɗɗoya. Ɗan ƙaramin gwangwani cike da wasu ƙwayoyi kamar tsakin gero, wai shi ke tayar da kwaɓi. Da kwalbar mai, ruwansa kore-kore.

"Wannan man zaitun ne," in ji Malam. "Wanda sunansa ya zo a Alƙur'ani."

Inna ta miƙo yatsa aka ɗiga mata, ta yi bisimilla ta shafa a gwiwarta.

Daga ƙarshe ya fito da wani abu naɗe cikin takarda, ya riƙe shi da hannu biyu. Siffarsa kamar ɗan gora, an shaƙe masa wuya da igiya, bayansa rawaya mai santsi kamar an shafa kakin zuma. Yana kwance takardar wari ya buge mu. Inna ta ja mayafi ta toshe hanci.

"Wannan kuma me ya mutu?"

"Cuku ne, Inna. Nonon saniya ne zalla. Sau biyu na tambaya, ba alade, ba giya."

"Nonon yaushe?"

"Ya ce ya fi wata shida."

Inna ta juyo gare ni. "Kin ji, 'yar nan. Nonon ya girmi yarinyar da ke bayanki."

Malam bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya ɗauki tsinke ya yi zane a ƙasa, yadda Baturen ya zana masa. Za a kwaɓa fulawa, a faɗaɗa ta kamar faifai, ba kauri. A shafa tumatir a kan ɗanyen kwaɓin, a barbaɗa gishiri da ganyen, a ɗiga mai, a jera cukun a sama, a sa a wuta mai ƙarfi. Guda shida, nasa da na abokansa biyar, kafin la'asar.

"Ya ce yau rana ce babba a wurinsa. Ya ce cukun nan shi kaɗai ne, babu wani."

"Me ake ce da abincin?" na tambaya.

"Fiza."

"Fiza," in ji Inna. "Ko sunan bai yi kama da na abin da ake ƙoshi da shi ba."

Na ce, "Malam, a bar ni in gasa tukuna. In ta fito sai a zuba mata kayan, kamar yadda ake yi wa gurasa ƙuli da mai."

"Ya ce tare. Sau uku ya ce tare, yana haɗa yatsu."

To ku saurara, don a nan abin yake. Babu wanda ya tambaya a kwance za a gasa ko a tsaye. Shi Baturen bai taɓa ganin tanderu ba. Malam, da yake wai shi ne mai gurasar, bai taɓa leƙa cikinsa ba. Ni kuwa a sanina abin da ke kwance suya ce, kamar waina a tanda. Gashi a tsaye yake. Kuma cuku na san shi. Buzaye suna kawo mana shi, busasshe kamar fata, sai an daka shi a turmi kafin a zuba a fura. Ka jefa shi a wuta, iyakarsa ya yi baƙi. Ban taɓa ji ba, ko a zancen matafiya, cewa akwai cukun da ke narkewa.

Na wanke babbar ƙwarya na zuba fulawa. Na sa gishiri da ruwa mai ɗumi da ɗan man nan. Ƙwayoyin gwangwanin ban yarda da su ba, na zuba dai saboda an ce, amma na ƙara da ragowar kwaɓin jiya da nake ajiyewa kullum don tashi. Na kwaɓa shi da tauri fiye da na gurasa, tunda an ce za a faɗaɗa. Na yi ta murzawa, ina naɗewa ina dannawa da gindin hannu, har ya daina kama yatsa, ya yi laushi kamar kuncin jariri. Na rufe da faifai na ajiye a rana. Kafin in gama yanka cukun, kwaɓin ya kumbura ya ɗaga faifan. Ban taɓa ganin kwaɓi ya tashi da sauri haka ba, har na ɗan ja da baya.

Cukun kuwa da wuƙa na bi shi, ƙanana-ƙanana kamar yankan kuɓewa. Cikinsa fari ne, kuma da aka yanka sai warin ya ragu, wani ƙamshi ya taso kamar na man shanu. Na yanke shi duka. Igiyar wuyansa na jefar gefen murhu.

Da a shekarar wadata ne, da na gwada guda ɗaya tukuna. Amma a shekarar nan kara ya fi nama wuya, abin da fari ya bari dabbobi sun cinye. Dami ɗaya ya rage mini. Kuma ba a ƙona tanderu don gurasa guda. Wuta ɗaya, zagaye ɗaya, rufi ɗaya.

Na raba kwaɓin shida, na faɗaɗa kowanne a bayan tire. Na shafa tumatir da bayan ludayi, na barbaɗa ganye, na ɗiga mai. Da na zo kan cuku sai na yi dabara, a ganina. Na bi kowane yanki na danna shi cikin kwaɓin da babban yatsa, yadda magina ke cusa tsakuwa a jikin katanga, don kada ya faɗo. Wuta ta kwanta. Na goge bangon da jiƙaƙƙen tsumma. Na ɗauki ta farko a tafin hannu biyu, na yi bisimilla, na manna. Ta kama. Na manna ta biyu, ta kama. Har shida. Na tsaya na dube su, jajaye da ɗigon fari, sun zagaye tanderun kamar jeren tasoshi a bangon ɗakin amarya. Ko yanki ɗaya bai faɗo ba. Na ce da Malam, "Zo ka gani." Ya leƙa, ya yi ajiyar zuciya. Na kifa kasko a baki, na rufa jiƙaƙƙen buhu.

Ba a jima ba na fara jin wata ƙara daga ciki, cuu, cuu, kamar ruwa na ɗiga a mai mai zafi. Gurasa ba ta wannan ƙarar. Na dubi Inna, Inna ta dube ni. Amma gwaggona ta hore ni tun ina ƙarama: ba a buɗe tanderu sai hanci ya ce a buɗe, in kin yi gaggawa zafi ya fita, gurasa ta saki bango ta faɗa toka. Sai na daure na jira. Wannan jiran shi ya ƙarasa mu.

Hayaƙi ya fara fitowa ta gefen kaskon, baƙi, mai nauyi. Sai harshen wuta ya leƙo ya lashi buhun. Na fizge buhun, na ture kaskon.

Abin da na gani, ban taɓa ganin irinsa ba. Cukun nan da na danna da yatsana, mai tauri kamar ɗanyen rogo, ya zama ruwa. Yana gangarowa daga jikin kowace ɗaya, dogayen zare kamar yauƙin kuɓewa, yana jan tumatir da mai yana tafiya da su. Yana sauka kan garwashi yana tafasa, wuta na tashi. Ban san lokacin da na cusa hannu ba, wai in tare. Ya naɗe mini a wuyan hannu, ya kama fata. Ga tabon nan har yau. Inna ce ta janye ni ta tsoma hannun a randa.

Da wuta ta mutu na ɓamɓaro su da wuƙa da hannun hagu. Gurasa shida, sun gasu sarai, amma duk sanƙo, sai ɗan jan tumatir da ya ƙone a jiki. Cukun kuwa yana can ƙasa, dunƙule guda, baƙi ƙirin, ya haɗe da toka.

Malam ya cire hula ya tsuguna. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Inna ta leƙa tanderun ta daɗe, sannan ta ce a hankali, "Ashe bai manta shi nono ne ba."

Can Malam ya ce, "Zan ce akuya ta ci."

"Akuyar wa?" in ji Inna. "Wace akuya ta rage a unguwar nan?"

"To in ce me, Inna? Gobe me yaran nan za su ci?"

"Ƙaryar farko ta ciyar da mu wata biyu, Allah ya yafe mana. Ta biyu ba da ni ba. Ɗauki kayan mutane ka kai musu yadda suke."

Ya jera su a faifai ya rufe, ya fita yana jan ƙafa.

Na yi azahar, na yi la'asar, ban san abin da na karanta ba. Rana ta fara sanyi sai muka ji ƙugin mota a lungunmu, lungun da ko amalanke da ƙyar take shiga. Ta tsaya a ƙofar gida. Malam ya shigo, fuskarsa kamar an shafa toka.

"Na faɗa wa Baturen komai. Na ce ba ni ke gasawa ba, iyalina ce. Na ce wuta ta cinye cukun. Bai yarda ba. Ya ce sai ya ga tanderun da idonsa."

Na ce, "A cikin gidan nan? Namiji?"

Tun da aka kawo ni gidan, ban da 'yan'uwa na jini, namijin da ya wuce zaure mai yaɓen ɗaki ne, shi ma sai da aka yi shela. Yau ga Bature. Inna ce ta miƙe ta gyara mayafi.

"Gara ya shigo ya gani, da a ce mun cinye ko mun kai kasuwa. 'Yar nan, kwashi yara ki shiga ɗaka, ki saki asabari."

Ta tsakanin karan asabari na ga komai. Baturen ya shigo tare da tafinta, ya sunkuya a ƙofar zaure duk da gajartarsa. Fuskarsa ja wur, wuyansa ya fi fuskar ja. Bai dubi kowa ba. Malam ya nuna masa tanderun. Ya zagaye shi sau ɗaya, yana neman ƙofa a gefe, babu. Sai ya durƙusa ya leƙa ta sama. Ya daɗe a haka. Ya shafa bangon inda sawun zaren ya bushe, tun daga sama har ƙasa. Ya yi magana.

Tafinta ya ce, "Wai a jikin bango aka manna?"

Inna ta ce, "To a ina ake mannawa?"

Baturen ya shimfiɗa tafin hannunsa a iska, ya riƙe shi a kwance, ya ɗora ɗayan a kai. Ba sai tafinta ya fassara ba. Ina tsaye a bayan asabari na gane. A kwance. Da kasko ɗaya na ɗora a kan garwashin nan, da shi ke nan.

Ya naɗe hannun riga ya zura hannu har kafaɗa, ya ciro baƙin dunƙulen. Ya kaɗe tokar, ya shinshina. Sai idonsa ya faɗa kan igiyar da na jefar gefen murhu. Ya ɗauke ta, ya dubi ƙullin da ke jikinta, yana juya shi da yatsa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Da farko na zaci dariya yake. Ashe kuka ne. Babban mutum mai furfura a gefen kai, mai ba katafila umarni, ya zauna daɓas a ƙasar tsakar gidanmu yana kuka da murya, a gaban tsohuwa, a kan ƙonannen nono. Mu namiji ko gawar ɗansa aka fito da ita, iyakarsa ya sunkuyar da kai. Yaran da ke bayana suka ƙanƙame ni.

Inna ta ce da tafinta, "Ɗan nan, tambaye shi, ƙonewa ya yi?"

Tafinta bai tambaye shi ba. Ya matso kusa da Inna ya rage murya, amma na ji.

"Inna, uwarsa ce ta yi cukun da hannunta, da nonon saniyarta. Ita ta ƙulla igiyar nan. Ta ba wani ya kawo masa. Kafin saƙon ya iso, waya ta riga shi zuwa cewa ta rasu. Bai samu zuwa jana'iza ba. Yau kwana talatin, su a nan suke yin tasu addu'ar. Ya so ya ciyar da abokansa da shi ne."

Inna ta dafe ƙirji. "Ashe sadakar uwarsa ce."

Ni kuwa sai na samu kaina zaune a ƙasa. Zafin hannun ma na daina ji. Tun hantsi muke toshe hanci muna yi wa abin nan ba'a, na bi shi da wuƙa kamar kuɓewa, na jefar da igiyarsa kamar shara. Ashe abu na ƙarshe ne da hannun wata uwa ya taɓa domin ɗanta. Ban san sunanta ba, ban san garinsu ba, amma na san yadda ake ƙulla wa ɗa guzuri.

Inna ta taka a hankali ta tsuguna ɗan nesa da shi, yadda ake yi a gidan makoki.

"Ka ce masa, ya haƙuri. Ka ce masa uwa ba ta da biyu. Ka ce masa ba da gangan ba ne, rashin sani ne. Allah ya ba shi dangana."

Tafinta ya faɗa. Baturen ya share fuska da bayan hannu, toka ta shafe masa kunci. Ya fito da hankici ya naɗe dunƙulen da igiyar, ya miƙe, ya ɗan sunkuya wa Inna, ya fita. Zancen aiki ko kalma ɗaya bai yi ba.

Washegari Malam ya dawo daga masallaci ya zauna a kan turmi, bai sa rigar aiki ba.

Inna ta ce, "Rana na yi."

"Ina za ni, Inna? In je a kore ni a gaban jama'a?"

"Ba aiki za ka ba. Gaisuwa za ka. Gidan da aka yi rashi ana kai abinci, ko ana shiri ko ba a yi."

Kara babu. Muka zare dangar garken shanu, tunda ba abin da ya rage a ciki da za a tsare. Ban taɓa fulawar kamfani ba. Alkamar ƙanena na juye duka, aka niƙa a dutse, na kwaɓa da hannu ɗaya, ɗayan naɗe da tsumma. Na manna gurasa goma sha biyu a bango yadda na iya. Kafin in rufe sai na ɗauki ƙaramin kasko na ɗora a kan garwashi, na shimfiɗa ɗan kwaɓin da na ware, na shafa ragowar tumatirin jiya, da ganyen, da man. Cuku dai babu. Na rufe.

Da na buɗe, tana nan kwance lafiya lau. Bakinta ya kumbura ya yi ja, tumatirin na tsakiya yana ɗan motsi, ko ɗigo bai zuba ba. Ganin sauƙin abin ya fi mini ƙunar hannun ciwo. Na ɗora ta a saman gurasar na rufe, Malam ya ɗauka.

Wunin ranar ba wanda ya yi maganar a gidan. In aka taɓa ƙofar zaure sai mu ɗaga kai gaba ɗaya. Hantsi ya wuce bai dawo ba. Azahar ta wuce. Inna ta ce, in da korar ce da tuni ya iso.

Sai dab da magariba ya yi sallama. Rigarsa ta jiƙe da gumi, takalminsa duk kwalta, a hannunsa wani jan ƙyalle ɗaure a sanda. Na kawo masa ruwa ya shanye, na ƙaro.

Ya ce Baturen da kansa ya fito ƙofa. Malam ya yi masa gaisuwa yadda Inna ta ce. Baturen ya buɗe faifan, ya ga ta saman, ya daɗe yana kallonta. Ya gutsura ya ci a tsaye, bai ce ta yi daɗi ba, bai ce ba ta yi ba. Sannan ya kira tafinta. Ya ce an riga an aika Kano a kawo sabon kuku. Ya ce mutumin da ya yi masa ƙarya wata biyu ba zai ƙara taɓa abincinsa ba. Amma wanda ya zo masa gaisuwar uwa, ba zai mayar da shi gida hannu sake ba.

"Sai aka ba ni wannan. In tsaya inda ake zuba kwalta, in mota ta taho in ɗaga mata ta tsaya. Kuɗin bai kai na kuku ba. Kuma ba inuwa."

Na shiga auna tukunya a zuciyata. Tuwon dare zai samu. Na safe sai dai koko, shi ma tsararo. Amma zai kai mu damina.

Inna ta miƙa hannu ta karɓi tutar. Ta juya ta, ta duba ɗinkin, ta ɗaga ta sama ta sauke kamar mai gwada nauyin muciya, sannan ta mayar masa.

"To," ta ce. "Ko ba komai, wannan dai kai za ka yi shi da hannunka."